Daga Mazari Zuwa Bisije: Yadda Zare Ya Bar Ɗakunan Matan Katsina Laka

Da zarar hunturu ya kama a Funtua ko Malumfashi, sai kasuwar wata sana'a ta buɗe a cikin gidaje. Mace za ta zauna a tsakar gida bayan ta sauke tukunya, ƙullin ulu a kan cinya, kwarashi a hannu, tana saƙa hular jariri da safa da rigar sanyi, ko kuma shawul mai huji-huji, mara nauyi, wanda za a lulluɓe jariri da shi ranar suna. Gwanaye a cikinsu kan fitar da ado mai kyau kamar na leshi, har mai kallo ya yi zaton inji ne ya yi. Sai dai zaren da ke hannunta ba na auduga ba ne. Na roba ne, injin wata ƙasa ya kaɗa shi, aka ɗauro shi a leda har rumfar kasuwa. A daidai wannan lokaci kuwa ake ɗibar auduga a gonakin bayan gari, ana loda ta a mota, ana wucewa da ita ta ƙofar gidan. Kakar wannan mata ba ta san sayen zare ba. Ita ce mai sayar da shi.

Tun kafin zuwan Turawa ake kiran wannan yanki na kudancin Katsina da sunan Katsina Laka, saboda baƙar ƙasarsa mai danƙo, mai riƙe ruwa, ga damina da ta fi ta arewa tsawo. Irin wannan ƙasa auduga ke so, ko kaɗa, kamar yadda Katsinawa da yawa ke ce mata. Tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki sun yi ƙarfi tun zamanin sarakunan Haɓe, suna kan hanyoyin fatake da ke haɗa Katsina da Zazzau da Kano. Har yau Sarkin Maska ne hakimin Funtua, Galadiman Katsina kuma yana zaune a Malumfashi. A ƙarni na 19, ƙarƙashin Daular Usmaniyya, noman auduga ya bunƙasa a kudancin Katsina da arewacin Zazzau, kuma gaskiya ita ce wani kaso na wannan noma bayi ne suka yi shi a rinjojin masu sarauta da attajirai. Mutum ba zai ba da tarihin tufafin wancan zamani ba tare da ya faɗi haka ba.

A wancan zamani namiji ke noma auduga, namiji ke zama a masaƙa. Amma tsakanin gona da masaƙa akwai aiki mai tsawo, kuma kusan duka a hannun mata yake.

Da farko sai an gurje. Mace ta ɗora auduga a kan magurji, ta danna siririn ƙarfe tana murzawa har gurya ta fita gefe. Guryar ba a zubar da ita: iri ce ta baɗi, abincin dabbobi ce, wasu ma har miya suke yi da ita. Daga nan sai shiɓa. Da ɗan baka ake yi, ana fizgar tsirkiyarsa a cikin audugar har ta warware, ta tashi sako-sako, datti ya kakkaɓe. Sa'an nan a zo ga kaɗi, inda gwaninta take. Mazari ɗan siririn tsinke ne da gululu na yumɓu a gindinsa don ya ba shi nauyi. Mai kaɗi ta riƙe shiɓa a hannun hagu, ta murza mazari da yatsun dama a cikin ɗan ƙoƙo ko a kan fata, tana dangwalar alli don kada yatsu su yi santsi, tana jan hannun hagu sama a hankali, zare yana fitowa. In ta ja da ƙarfi ya tsinke, in ta yi sanyi ya yi kauri. Babu ma'auni sai yatsa da ido. Yarinya kan fara koyo a gaban uwa ko kaka tun kafin ta isa aure, kuma sai ta shekara da shekaru kafin zarenta ya daidaita.

Iri biyu ake kaɗawa. Akwai abawa, mai kauri da laushi, wadda masaƙi ke naɗawa a kwarkwaro ya saka a ƙoshiya. Akwai kuma zare sosai, siriri mai murɗi da ƙarfi, wanda ake yin wadari da shi, domin shi ne zai jure ja daga masaƙa har zuwa kunkurun da aka ɗora wa dutse a can nesa. Kusan kowace mace ta iya abawa. Siririn zare kuwa sai wadda Allah ya ba hannu da haƙuri, kuma kuɗinsa ya fi. Masaƙi ɗaya yakan cinye aikin mata da yawa, saboda a yini guda zai saƙe abin da mace ta yi kwanaki tana kaɗawa. Don haka duk garin da masaƙa suka yi yawa, to a bayan katangu akwai mata ninkinsu suna murza mazari, da rana a inuwa, da dare a gaban fitilar aci-bal-bal.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, rashin nauyin tufa daga yatsun mai kaɗi yake farawa. Mayafin da mace za ta yafa iska ta ratsa shi, ko rawanin da zai yi tsawo amma bai danne kai ba, ba za su samu ba sai da zaren da ya kai siranta. Misali mafi shahara shi ne turkuɗi, wanda masaƙa ke yi da ƙwarya-ƙwarya sirara ƙwarai, faɗin kowace bai wuce na yatsa ba da yawa, a ɗinke su da hannu, a kai Kura ta ƙasar Kano a rina da baba, a buge da shuni har ya riƙa walƙiya. Shi Buzaye ke naɗawa, kuma har gobe suna nemansa a Agadas. Ana yabon marinan Kura da mabugansu, kuma sun cancanta, amma da wuya a ji an ambaci matan da suka kaɗa zaren.

A da, ga matar aure da ke cikin kulle, kaɗi shi ne hanyar kuɗin da ba sai ta roƙi kowa ba. Ta ba yarinya ko dillaliya zaren a kai kasuwa, abin da aka samu nata ne. Da shi take zubin adashi, da shi take yin gudunmawar biki, da shi take tara wa 'yarta kwanoni da tasoshi. Wata kuma ta kai wa masaƙi nata zaren ya saƙa mata zane, ko ta yi wa miji riga. Wasu matan suna da tasu masaƙar ta tsaye a jikin bango, inda suke saƙa ƙyalle mai faɗi kamar majanyin goyo. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a Giwa, a kan hanyar Funtua zuwa Zariya, aka buga a 1954, yana nuna rayuwar da kaɗi ya zama ruwan dare a cikinta. Harshen Hausa ma ya adana shaidar. Wanda tsoro ya kama a ce jikinsa na rawa kamar mazari. Wanda tunani ya dama a ce yana saƙa da warwara. Wanda aka ƙulla wa sharri a ce an yi masa saƙa da mugun zare. Yaran yau suna faɗin waɗannan maganganu, da yawansu kuwa ba su taɓa ganin mazari ba.

A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano, ya ga yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar ke kaiwa har Tumbuktu da Ghat da Murzuk da Tarabulus. Ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da kimanin wuri miliyan 300. Wannan ciniki da sunan Kano aka san shi, amma audugar ba ta Kano kaɗai ba ce. Ta kudancin Katsina da ta Zazzau tana cikinsa, a kan jakuna da takarkarai.

Can a Ingila kuwa masana'antun Lankasha suna cikin zullumi. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya katse musu auduga, ma'aikata suka shiga yunwa, masu masaƙu suka gane hatsarin dogara da ƙasa guda. A 1902 suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Biritaniya a Mancesta, wadda aka fi sani da haruffan BCGA. Bakin Bahaushe ya mayar da ita Bisije, kuma har yanzu sunan yana nan a kan unguwa a Funtua da Malumfashi, inda gidajen gurzarta suka zauna. Shekara guda bayan kafa ta sojojin Ingila ƙarƙashin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, Katsina ta miƙa wuya. Babban burin Turawan shi ne ƙasar Hausa ta zama gonar audugar Lankasha, kuma wannan buri yana cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911.

Abin bai tafi yadda suka tsara ba, kuma a nan ne matan mazari suka nuna nauyinsu ba tare da sun fito daga gida ba. Kuɗin da masu kaɗi da masaƙan gida ke biya wa auduga ya fi wanda Bisije ke tayawa. Manomi ba shi da dalilin kai wa Bature kayansa a kan farashi ƙasa da na maƙwabciyarsa. Manoman Kano suka karkata ga gyaɗa, jirgin da aka kawo don auduga ya koma jigilar buhunan gyaɗa. Sai Turawa suka mai da hankali ga inda ƙasa ta fi dacewa, wato Zazzau da kudancin Katsina da gabashin Sakkwato. A 1912 aka shigo da irin audugar Amurka da ake kira Allen, mai dogon gashi, wanda injin Ingila ke so. A shekarun 1920 aka buɗe gonar renon iri a Daudawa, aka kuma ja reshen jirgin ƙasa daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau har Ƙaura Namoda, inda ya isa a 1929. Wannan reshe da gidan gurza su ne suka ɗaga Funtua ta sha gaban Maska, ta zama garin 'yan kasuwa da leburori da baƙi daga ko'ina.

Tsarin da aka kafa ya shiga rayuwar kowane manomi. Ana raba iri kyauta ta hannun masu unguwanni da dagatai. Ana tilasta tuge karan auduga a ƙone bayan kaka don kashe ƙwari. Ba a sayen audugar fitarwa sai a fuloti, inda malamin duba zai tsoma hannu a buhu ya yanke lamba ɗaya ce ko lamba biyu, a auna, a biya. Ga haraji kuma da ake karɓa da kuɗin Bature, a lokacin da ya yi daidai da buɗe fuloti. Mai gida da ke neman kuɗin haraji a dunƙule ba zai jira matan unguwa su saye masa auduga kaɗan-kaɗan ba. Haka audugar ta fara tsallake ɗakin mace, daga gona sai fuloti, daga fuloti sai Bisije, daga nan sai tasha. Jirgin da ya tafi da ita shi ke dawowa da akoko da alawayyo da atamfa.

Duk da haka kaɗi bai mutu da wuri ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yadin waje ya yi wuya, masaƙan gida sun sake samun kasuwa, mata suka koma ga mazari da ƙarfi. Har cikin shekarun 1950 talakan karkara yana daraja zanen saƙi da gwado saboda ƙarkonsu, yana ganin yadin kanti kyau ne kawai babu ƙwari.

Abin da Lankasha ta kasa gamawa, masana'antun gida ne suka ƙarasa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa tare da wani kamfanin Ingila. Wasu suka biyo baya a Kakuri, har da UNTL a shekarun 1960. Yadi ya yi araha, zaren inji ya shigo kasuwa, masaƙan da suka rage suka gwammace shi domin ba ya tsinkewa kuma kaurinsa ɗaya ne. Da kuɗin man fetur suka zo a shekarun 1970, amare suka koma neman leshi da shadda da gyale na kanti, daga baya hijabi ya zo ya karɓe wurin mayafi a gidaje da yawa. 'Yan mata suka shiga makaranta da shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976. Ba laifin matan ba ne da suka ajiye mazari. Aiki ne mai cin lokaci, ladansa kaɗan, kuma wadda ta ga ƙuli-ƙuli ko ɗinkin keke ko ɗinkin hula ya fi kawo kuɗi ta yi daidai da ta koma can.

A wannan zamani ne kuma sunan Funtua ya kai ƙololuwa a harkar auduga. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar, tare da na Gusau da na Gombe. A 1977, da gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin sayen amfanin gona, Funtua aka ba hedikwatar Hukumar Auduga ta Nijeriya, kamar yadda aka ba Kano ta gyaɗa, Ibadan ta koko. Garin ya samu tasa masana'antar, Funtua Textiles. Auduga ta fi ta kowane zamani daraja a takardun gwamnati, a daidai lokacin da siririn zaren hannu yake ɓacewa daga kasuwannin ƙauye.

Wannan ma bai ɗore ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin, aka bar manomi da 'yan kasuwa, iri ya gauraye, tsarin lamba ya lalace. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin yadin Sin suka durƙusar da masaƙun Kaduna: Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Manoman Funtua da Bakori da Ɗanja da Kafur da Malumfashi suka fi karkata ga masara da waken suya da shinkafa. A 'yan shekarun nan kuma ta'addancin 'yan bindiga ya hana noma a gonaki da yawa na Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara. Masana'antar Funtua tana cikin 'yan kaɗan da suka jure a Arewa.

Saƙar kwarashi da ta allura biyu baƙuwa ce a wannan tarihi. Ta shigo ta makarantun 'yan mata da azuzuwan koyon aikin gida a zamanin Turawa, ta yaɗu ta cibiyoyin koyar da mata sana'o'i, musamman bayan shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta fara a 1987. Ta samu karɓuwa saboda ta zauna daidai inda kaɗi ya tashi: aikin zaune ne, a cikin gida, ana yi ana hira, ana ajiyewa a duba tukunya, kuma kuɗin na mai yi ne. Hannun bai mutu ba ke nan. Abin da ya yanke shi ne alaƙar hannun da gonar da ke bayan gida.

Akwai wuraren da ba su bari ta yanke ba. A tsibiran Shetlan da ke arewacin Sikotland, mata suna kaɗa gashin tumakinsu siriri ƙwarai, su saƙa mayafi mai huji-huji da allura, wanda saboda laushinsa ake iya zare shi ta cikin zoben aure. An baje irinsa a babban baje kolin Landan na 1851, shekarar da Barth ke yawo a kasuwar Kurmi ta Kano. A Orenbag ta ƙasar Rasha ma ana yin irin wannan mayafi da gashin awaki. Su ma inji ya zo musu, kasuwarsu ta faɗi, amma aka samu masu adana tsofaffin samfura a gidajen tarihi, masu rubuta yadda ake yi, masu koya wa yara. Yau mayafin hannu na waɗannan wurare kaya ne mai tsada, kuma sunan garin ake saye tare da shi. Matar Katsina Laka da ta kaɗa zaren turkuɗi ba ta gaza su gwaninta ba. Bambancin shi ne nata aikin ba a ɗauke shi abin adanawa ba.

Babu mai hankalin da zai ce mata su koma tufatar da al'umma da mazari. Wancan zamani ya wuce, kuma wahalarsa ba abin kewa ba ce. Amma akwai masu neman saƙin hannu na gaske don babbar riga da kayan sarauta da kayan amare, kuma suna biya. A ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Bakori har yanzu akan tarar da tsohuwa da mazarinta a cikin tsohon kwando, wadda in aka miƙa mata shiɓa yatsunta za su tuna. Ya kamata hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina, da masarauta, da malaman jami'o'in jihar, da cibiyoyin mata na ƙananan hukumomi su je wurin waɗannan iyaye tun suna raye, a ɗauki hoton aikinsu da muryarsu, a rubuta sunan kowane kayan aiki, a zaunar da 'yan matan da suka iya kwarashi a gabansu su koyi kaɗa siririn zare daga audugar garinsu. Mafi yawan waɗanda suka iya sun haura shekara saba'in.